Kwana Biyun Tani a Sakkwato

Tani ta shigo Sakkwato ranar Laraba da la'asar, a kan jakin wani maƙwabcinta da ya kawo shinkafa kasuwa. Doguwar tsohuwa ce da ta ɗan haura sittin, manomiyar fadama daga wani ƙauye na bakin gulbin Rima, tafiyar yini guda daga birni. Autarta Saudatu ta shekara huɗu da aure a unguwar Ƙofar Taramniya, amma Tani ba ta taɓa taka gidan ba. Duk sanda ta aika cewa za ta zo, sai mijin, Tukur mai sayar da tufafi, ya aiko cewa hanya ba lafiya, ko kuma ya kai mata Saudatu ƙauye ta kwana uku su koma. Bana da aka gama yankan shinkafa ba ta aika wa kowa ba. Ta ɗaure ƙullinta ta hau jaki.

Duk wanda ya dubi Tani, abin da yake fara gani shi ne tsagar Gobirawa a kumatunta, tun daga gefen baki har kusa da kunne. Tana da shekara biyar aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka taho da ita da uwarta aka ajiye su a wani rinji, ƙauyen bayi, suna noma. A can ta girma. Daga baya aka 'yanta su, ta yi aure, ta haifi takwas, ta binne biyar, ta binne mijin. Karatu da girma ta same shi, a wajen wata tsohuwa mai zagaya ƙauyuka tana koya wa mata tsarki da salla. Ita ce ta gaya musu tsaga ba ta cikin addini, shi ya sa da aka haifi Saudatu, Tani ta hana wanzami taɓa fuskarta.

Sai dai yaƙin bai mutu duka ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suna can bayan iyaka, lokaci-lokaci suna kawo hari, kuma a cikin birni akwai gidajen da suka rasa 'ya'ya a wannan fama.

Saudatu ta yi murna har da hawaye. Ta shimfiɗa wa uwarta sabuwar tabarma, ta dama fura, ta ɗora tuwo. Amma Tani ta lura yarinyar tana yawan duban ƙofar gida, kuma da wata maƙwabciya ta yi sallama neman garwashi, Saudatu ta kai mata har zaure, ba ta bari ta shigo ba.

Bayan magariba Tukur ya shigo. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa doguwa.

"Inna, da kun aiko, ai da na tura a tarbe ku," in ji shi.

"Da na aiko, da hanya ta ɓaci," in ji Tani.

Tukur bai ɗago ba. Ya tambayi kwana nawa za su samu. Tani ta juya ga 'yarta, don ba a doguwar magana da suruki fuska da fuska.

"Auta, hwaɗa mishi kwana biyu gare ni. Mai jaki shina komawa Assabar. Gobe Alhamis da hantsi zan tahi Hubbare in yi ziyara. In na hito, a nuna mini ganuwa, wajen da ta hi daɗewa, don uwata ta yi rani biyu tana kai ma magina ruwa bisa kai. Sannan marina. Zanen aurena nan anka rina shi, ban taɓa ganin ramin da ya hito ba. Jibi Jumu'a in tahi in zamna nesa da masallaci inda tsohhin mata ka zama, in ga sahun da anka ba mu labari. Daga nan in shiga kasuwa. Shi ke nan."

A hankali ta faɗa, tana lanƙwasa yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta yi shekaru tana jera wannan tafiya a ranta, a bakin aiki cikin ruwan fadama, har ta san abin da zai zo kafin wani.

Tukur ya gyara durƙuso. Ya ce shi ma ya yi tunanin abin tun da ya ji ta iso. Birni ba kamar ƙauye ba ne, akwai cunkoso da rana mai zafi, ga dawaki. Abin da ya fi, da an yi sallar asuba shi da kansa zai raka ta ta lungun baya, ta ja mayafi ta rufe fuska saboda sanyin safe, ta tsaya daga waje ta yi addu'a, su dawo kafin gari ya waye. Jumu'a ta huta. Abin da take so a kasuwa ta faɗa, zai sa a kawo mata har ɗaki.

Tani ta kwance bakin zanenta ta fito da wani zare mai ƙulli-ƙulli, ta ajiye a kan tabarma.

"Ƙulli tara na nan. Matan garinmu tara sunka ba ni saƙo. Wanga na Lantana ne, ɗanta ba shi tashi tun damana. Wanga na Mairo, shekara bakwai ba haihuwa. Kowane da mai shi da buƙatatta. Na yi musu alkawali zan zamna cikin Hubbare in roƙi Allah ɗaya bayan ɗaya, sai na gama da mutum in kwance ƙullinta. Ba a yin wanga tsaye cikin duhu awa wadda ta zaka sata."

"Inna, ba haka nike nuhi ba."

"To mi kake nuhi? Sanyi ne zan ruhe ma huska, ko mutane?"

Wannan karon shi ta tambaya kai tsaye. Da aka kira isha'i, Tukur ya ce su kwana lafiya, ya tashi.

Saudatu ce ta faɗi sauran, tana kwashe kwanuka, ba ta iya duban uwarta. Tun farkon auren Tukur ya gaya wa mutanen unguwa cewa iyayen matarsa malamai ne daga wajen Gwandu. Da ya faɗa sau ɗaya, sai ya zama dole ya ci gaba da faɗa. Har uban gidansa na kasuwa, wani dattijon attajiri mai suna Abdulwahabu, abin da ya sani ke nan. Kuma bana ne Abdulwahabu ya ce zai ba shi jagorancin kayansa zuwa Kano.

"Ke kuma mi kika ce?" in ji Tani.

"Ban ce komi ba, Inna."

"Shekara huɗu."

Saudatu ta sunkuyar da kai. Tani ta miƙa hannu ta shafa kuncin 'yarta, sumul ba tabo.

"Na hana a tsaga ki don an ce mini Allah ba Shi so. Ban hana don ki samu wurin ɓoye ni ba."

Da asuba Tukur ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure yana jira. Tani ta yi sallarta, ta ja carbi har gari ya yi haske. Ta sha kunu, ta nemi ƙari. Sai da rana ta hau katanga sannan ta ɗaura baƙin zanenta, ta yafa mayafi a ka da kafaɗa, ta bar fuska a buɗe, ta ɗauki sandarta.

Tukur ya miƙe da ya gan ta. Bai tare ƙofa ba, don ba ya iyawa, amma ya tsaya kusa da ita.

"Inna, ku dubi Allah. Abincin gidan ga ne."

"Allah na duba, shi ya sa na hito. Ba sai ka raka ni ba. Bakina ya san tambaya."

Ta wuce shi ta fita.

Birnin ya fi yadda aka ba ta labari girma, ya kuma fi shi hayaniya. Ta bi bayan wasu mata masu tallar nono, ta tambayi wani mai saƙar tabarma, ya nuna mata hanya da haɓa. Wasu sun dube ta sau biyu, yawanci ba su ma ɗago ba. Wata mai tuya ta ce mata sannu da hanya, ta ba ta ruwa a ludayi.

Hubbaren, inda kabarin jagoran jihadi yake, ya ba ta mamaki. Ta zaci za ta ga gini mai tsawo da ado, sai ta tarar da ginin ƙasa mara kwalliya, da ƙofa gajera wadda dole doguwa irinta ta sunkuya. Ta tuɓe takalma ta shiga wajen da mata suke zama. Ciki da sanyi, yashi a share, ba mai ɗaga murya. Ta yi sallama ga mai kabarin kamar yadda malamarsu ta koya musu, ta sami gefe ta zauna, ta fito da zaren.

Ta daɗe. Ta roƙa wa ɗan Lantana lafiya, ta kwance ƙulli. Ta roƙa wa Mairo haihuwa, ta kwance. Wasu ƙullin sun ƙi kwantuwa don gumi ya shige su a hanya, sai da ta sa haƙori. Mata suna shigowa suna fita, ita tana nan.

Da zaren ya miƙe ba sauran ƙulli, ba ta tashi ba. Akwai wanda ba ta ƙulla ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Ubanta ya mutu a bakin ganuwar Alƙalawa ranar da aka ci garin, yana yaƙi da rundunar mutumin da ke kwance a nan. Ba ta tuna fuskarsa, sai dai ƙafarsa da wani zoben ƙarfe a babban yatsa. Uwarta ta ce yana salla. Tani ta ɗaga hannu ta ambaci sunansa a bayyane, yadda matar da ke kusa da ita za ta iya ji, ta roƙi Allah Ya gafarta masa, Ya haɗa su duka a inda ba yaƙi. Matar ta ce amin ba tare da ta waiwayo ba.

A waje, tana neman takalmanta, wani mutum mai matsakaicin shekaru da ke tsaye da abokansa ya zuba mata ido. Ya tofar da yawu kusa da ƙafarta.

"Har nan ma kun iso? Ƙanena na kwance a daji saboda masu irin wagga huska."

Mutane suka fara tsayawa. Tani ta gama sa takalmi tukuna, ta dogara sanda ta dube shi.

"Allah Shi jiƙan ƙanenka. Ni shinkahwa nike nomawa, wataƙila ka ci ta. Wagga huska ina jinjira anka yi mini ita, ba a tambaye ni ba. Kalmar shahada kuwa da bakina na yi. In akwai wanda anka ba ikon hana Musulma ziyara, nuna mini shi in ji daga gare shi."

Mutumin ya buɗe baki, sai wani dattijo mai farin rawani da ya fito daga ciki ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa nan ba wurin wannan ba ne, ya je ya yi wa ɗan'uwansa addu'a. Mutumin ya ja abokansa suka tafi yana gunaguni.

Dattijon ya gaishe da Tani, ya tambaye ta daga ina, ta faɗa. Ya ce ko tana da masauki a birni, in babu, gidansa akwai ɗakin baƙi, a tambayi gidan Abdulwahabu kowa ya sani.

Tani ta gane sunan. Tana iya cewa ta gode, tana da wurin kwana, ta wuce, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta dubi dattijon, ta tuna Saudatu tana kai garwashi zaure don kada maƙwabciya ta ga uwarta.

"Ina da masauki, Malam. Gidan ɗiyata, a Ƙofar Taramniya. Mijinta tuhwahi shike saidawa, Tukur suka ce mishi."

"Ɗiyarki ta cikinki?"

"Autata."

Dattijon ya sake duban fuskarta. Sannan ya ce Allah Ya karɓi ziyara, ya kwatanta mata hanyar tsohuwar ganuwa da ta tambaya, ya tafi.

Ta sami ganuwar da azahar. Ta fi mutum uku tsawo, ruwan sama ya zaizaye ta a wurare, an yi mata faci da sabuwar ƙasa. Ba wata alama da za ta nuna inda uwarta ta zuba ruwa. Tani ta bi gindinta tana tafiya a hankali, hannunta yana shafar bangon, har ta gaji. Ta yi taimama da ƙasar wurin don ba ruwa kusa, ta yi salla a inuwarta. Marina ba ta samu zuwa ba a ranar, ƙafafunta sun ƙi, sai ta koma gida.

Tukur ya dawo gida kafin la'asar, abin da bai saba ba. Bai zo gaisuwa ba. A tsakar gida ya tsaya yana yi wa Saudatu magana da ƙarfi, yadda Tani da ke ɗaki za ta ji. Abdulwahabu ya kira shi rumfa. Ya ce masa fuskar surukarsa ba ta dame shi ba, amma mutumin da zai shekara huɗu yana masa ƙarya a kan abin da ba a tambaye shi ba, ba zai danƙa masa raƙuma da kaya zuwa Kano ba. Bana wani zai ja ayarin. Gaba kuma sai an gani.

"Shekara shida nike jiran wagga tahiya," in ji Tukur. "Rana ɗaya ta tahi."

Tani ta fito bakin ƙofa.

"An tambaye ni inda nike kwana, na hwaɗi. Ban ƙara ba, ban rage ba. Abin da ya ɓace maka ban ji daɗi nai ba, don ɗiyata ka ci da shi. Amma ba ni na gina shi bisa Gwandu ba."

Tukur ya juya zai fita, sai Saudatu ta yi magana. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, amma ba ta tsaya ba.

"Malam, gobe ina so in raka Inna. Tun da na zaka garin ga sau ɗaya na ga Hubbare, shi ma da duhu. Ka ba ni izini, ko ka ce a'a nan gabanta."

Ya dube ta kamar bai san ta ba. Ya dubi ƙasa. Ya ce ta yi abin da ta ga dama, ya fita, bai ci tuwon dare a gidan ba.

Ranar Jumu'a suka fita su biyu, Saudatu a lulluɓe kamar kowace matar aure, Tani kamar jiya. A bakin lungu suka ci karo da maƙwabciyar nan mai neman garwashi. Saudatu ta tsaya ta ce, "Jamilatu, ga innata." Jamilatu ta durƙusa ta gaishe ta, idonta yana kai-komo tsakanin fuskokin biyu, ta wuce da sauri. Kafin su dawo labari ya gama unguwa.

Suka fara da marina tun da safe. Tani ta leƙa ramukan, ta toshe hanci, ta yi dariya karon farko tun zuwanta, ta ce ashe abin da ta yi ta taƙama da shi ranar aurenta daga wannan wari ya fito. Wani marini da hannuwansa suka rine har gwiwar hannu ya dubi zanen da ke jikinta ya ce rinin zamanin da ne, yanzu ba a samun mai haƙurin yin irinsa. Ta koma Hubbare saboda Saudatu, ta jira ta a waje. Da rana ta take suka sami gindin wata bishiya nesa da masallaci inda tsofaffin mata suke zama. Tani ta ga mutane suna kwararowa ta kowace hanya har fili ya cika, ta ga dubban bayin Allah sun sunkuya lokaci guda sun ɗago lokaci guda. Ta yi ƙoƙarin ƙirga sahu don ta gaya wa matan garinsu, ta ɓace a na talatin da wani abu, ta bari.

A kasuwa ba ta sayi komai ba sai allura biyu da ɗan gishiri. Sun wuce ta layin masu tufafi. Tukur yana zaune a rumfarsa, ya gan su tun daga nesa, maƙwabtan rumfarsa su ma sun gani. Tani ba ta rage tafiya ba, ba ta kuma kauce ba. Sai da suka zo daidai rumfar ya tashi, ya fito, ya durƙusa a kan ƙasar kasuwa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida suruka. Fuskarsa ba walwala. Ta amsa, ta sa masa albarka, suka wuce.

Asabar da sassafe mai jaki ya zo. Tukur ya ɗauki ƙullinta ya raka su har bakin ƙofar gari. Da ta hau, ya tsaya riƙe da igiyar jakin.

"Allah Shi kai ku lahiya, Inna."

"Amin. Baɗi in Allah Ya kai mu, bayan yankan shinkahwa, da Lantana zan zaka. Ita ma tana son ta gani da idonta. Tata tsagar ta hi tawa hitowa, ka sani tun yanzu."

Tukur ya ce Allah Ya kai mu. Ya miƙa wa mai jaki igiyar, ya koma cikin gari buɗe rumfa.